Fararen Zabin Hajja Kaka

Gwiwa,
7 ga Yuli, 2025.

Zuwa ga taubashiyata Malama Zulaikha,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya Babura, yaya fama da ɗalibai? Mu nan lafiya lau, sai godiya. Ruwa ya zauna, gero ya yi kyau. Baba, kawunki, idon nan dai sai a hankali, amma kullum yana shago a kan bencinsa ana hira. Kakarmu Hajja Kaka ƙafa ce ke damunta. Jiya aka yi cika-ciki, ko ƙashin kaza ba ki aiko min ba. Ban ce komai ba, amma na gani.

Na san labarin ciwon kaji ya iso miki. Ya share gidan Hajja kakaf, har da fararen zabinta, irin nan da ta taho da shi daga gidansu tun tana amarya. Ko ɗaya bai tsira ba. Abin da ya rage ƙwai ne talatin da takwas da ta tara a cikin tukunya. Maƙwabciyarta Tasalla ta ce za ta ara mata kaji biyu masu kwanci, ni na hana. Na ce zamanin kaza ya wuce, a ba ni ƙwan.

Ba ke kaɗai ce kika iya haɗa abu ba. Na samu gawar tsohon firji, na sa gulob biyu don ɗumi, da 'yar fanka, da kwanon ruwa. Na sayo ɗan allon nan na Arduino a Kano, wanda ake rubuta wa umarni daga kwamfuta, na koyi rubutun da kaina, ba malami ba aji. Farantin ƙwan kuma na ɗaura shi a kan ƙananan injinan nan biyu da kuke kira sarbo, masu juyawa su tsaya daidai inda aka ce su tsaya. Duk bayan awa biyu za su karkata farantin, kamar yadda kaza ke juya ƙwanta. Ranar Alhamis na zuba ƙwan. Na kuma faɗa a gaban Baba da 'yan zaman benci cewa hannun ɗan Adam ba zai taɓa su ba sai sun ƙyanƙyashe.

To, akwai wata 'yar matsala, ba wata babba ba. Lokacin da farantin ba komai a kansa lafiya lau yake karkatawa. Yanzu da nauyi ya hau, da zarar sarbo ya yunƙura sai ya yi kakari, fitilar allon ta ɗauke ta dawo, gulob ya mutu, lissafin awa ya koma farko. Wayoyinsu uku-uku duk a jikin allon na soka su, ja da baƙa da ruwan ɗorawa, ga zanen nan a bayan takarda. Ina zargin jabu aka sayar min. Ba wai taimako nake nema ba, so nake ki tabbatar min jabu ne, tunda ke ce kike ta'ammali da su.

Na zaɓi takarda ne saboda zanen, kuma in na kira ki a shago Baba zai karɓe wayar ya hau yi miki kirarin Injiniya. Tun da kika turo hoton hannun ƙarfen nan da ɗalibanki suka haɗa ba mu huta ba. Duk wanda ya kawo gyaran rediyo sai an nuna masa, alhali shi Baban ko ganin hoton ba ya yi. Ni da na shekara goma sha tara ina shaƙar hayaƙin dalma a gefensa, har yau sunana yaron nan.

Ki ba Daudu direba amsa. Ki gaida kowa.

Naki,
Halliru.

Babura,
10 ga Yuli, 2025.

Zuwa ga Yaya Halliru, sarkin dalma,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta same mu lafiya, maigida da yara suna gaishe ka. Ka durƙusa ka gaida min Kawu da Hajja Kaka, Allah ya ƙara musu lafiya. Zancen zabin nan ya taɓa ni ƙwarai, har na yi hawaye. Ƙashin kaza kuwa kai ya kamata ka aiko, ka ci girma.

Na duba zanenka. Wallahi firjin ya burge ni, amma sarbonka ba jabu ba ne, mai haɗa su ne jabu. Haba sarkin dalma, ko 'yan aji ɗaya nawa sun wuce wannan kuskuren! Allon nan mai ba da umarni ne, ba ɗan dako ba. Wutar da zai iya bayarwa ba ta wuce rabin amfiya, shi kuwa sarbo ɗaya in ya ɗauki nauyi sai ya ja amfiya guda ko fiye, ga su har biyu. Suna yunƙurawa suke shanye wutar, allon ya suma, ya farfaɗo ya fara daga farko. In ka ci gaba ma kana iya ƙona shi.

Ga abin yi. Ka cire jajayen wayoyin sarbo da baƙaƙen daga jikin allon, ka ba su batirinsu daban, mai bolt biyar zuwa shida, mai ƙarfi. Ruwan ɗorawar kaɗai za ka bari a allon, ita ce mai kai umarni. Sannan, ka buɗe ido a nan, ka ɗauki guntuwar waya ka haɗa baƙar wayar batirin sarbo da baƙar wayar allon. Baƙa da baƙa kawai, ban da ja. In ba ka yi wannan ba duk aikin banza ne. In kana da babbar kwandansa, 'yar gwangwanin nan mai tara wuta, ka liƙa a bakin wutar sarbon, tana rage fizga.

Kafin ka gama, don girman Allah ka riƙa juya ƙwan da hannu, sau uku ko biyar a yini. Ka sa alama da fensir a gefe ɗaya don ka san wanda ka juya. Ƙwan da bai samu juyi ba, ɗan cikinsa mannewa yake a jikin ɓawo, musamman a makonnin farko. Cika bakin da ka yi a gaban benci ba aya ba ce, ka haɗiye abinka. Ƙwan nan su ne ƙarshen irin Hajja.

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka, kuma malamarka daga yau,
Zulaikha.

Gwiwa,
14 ga Yuli, 2025.

Malama Zulaikha,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Hajja da sauƙi.

Na gode da tozarcin. Ranar da takardarki ta iso ina kasuwar Roni wurin gyara. Daudu ya miƙa wa Baba, Baba ya ji daga Babura ce, ya ce maza a karanta masa gaisuwar Injiniya. Kin san al'adarsa, takarda ba ta kwana a rufe a gabansa. Daudu ya tsaya a tsakiyar shago ya karanta tun daga sama har ƙasa, da mai haɗa su ne jabu, da 'yan aji ɗaya, da malamarka daga yau. Mutum bakwai ne a benci. Da na dawo tun daga bakin titi ake tambayata yaya makaranta. Baba kuwa dariya har da tari, wai ai ya faɗa, yarinyar nan kanta yana ja.

Kin san sarai a shago ake ajiye min takarda. Kada ki ce min wasan taubasai ne. Wasa a tsakaninmu ake yi, ba a kasuwa ba.

Duk da haka na gwada maganarki don kada a ce. Na ciro batir mai bolt shida daga wata tsohuwar fitilar caji na ba sarbon. Allon ya daina suma, wannan na yarda. Amma sarbon sai suka haukace. Rawa suke kamar mai zazzaɓi, wani lokaci su yi shiru yini guda, wani lokaci su fizgi farantin har ƙwai su yi ƙara. Ɗaya ma ya tsage na fitar da shi. Da maganinki gara ciwon.

Zancen haɗa baƙa da baƙa kuwa, ban yi ba kuma ba zan yi ba. Ina shekara goma sha huɗu Baba ya zabga min mari a shagon nan saboda na haɗa batir biyu masu ƙarfi daban, waya ta narke a hannuna, tabon yana nan. Ranar ya ce min wuta biyu ba sa haɗuwa. Yau ke kin zo kin ce in haɗa mai bolt shida da wutar allon mai bolt biyar. Ko dai ba ki san abin da kike faɗa ba, ko kuma kin sani sarai, so kike allon ya ƙone a ce ai dama aikin sai Injiniya. Ban san wanne ya fi muni ba.

Ba tun yau ba. Mitar auna wuta ta Baba, mai allura, wadda na girma ina gogewa, ranar da kika samu aiki ya naɗe ta a tsumma ya ba ki, ina tsaye. Na ji zafi, kuma har yanzu ina ji. Ki bar min firjina, zan nemo hanyata.

Halliru.

Babura,
16 ga Yuli, 2025.

Yaya Halliru,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Mu muna cikin jarrabawa, shi ya sa ban taho da ƙafata ba, ba a ba kowa izini sai an gama.

Ka yi haƙuri, ka yafe min. Wallahi tallahi ban kawo a raina cewa wani zai buɗe takardar ba. Da na san a gaban benci za a karanta, da na yanke hannuna kafin in rubuta haka. Na kira ka sau shida, na tura saƙo, ba ka ɗauka ba. Na kira Kawu in ce ya ba ka, ya cika ni da addu'a har katin ya ƙare.

Amma cewa ina so allonka ya ƙone, wannan ta yi min ciwo. Ƙwan kakata ne a ciki.

Maganar Kawu gaskiya ce, in ka haɗa ja da ja da baƙa da baƙa na batir biyu mabambanta, babba zai afka wa ƙarami. Ba shi na ce ka yi ba. Baƙa kaɗai za ka haɗa, wuta ba ta da hanyar zagayawa daga wannan batir zuwa wancan. Bari in tambaye ka da yaren shago. Ka taɓa auna wuta da tsinken mita ɗaya? In ka ɗora jan tsinke ka bar baƙin a iska, allura ba rawa kawai take yi ba? To haka sarbonka suke yanzu. Umarni yana zuwa musu ta ruwan ɗorawa, amma ba su da baƙin tsinken da za su auna shi da shi, shi ya sa suke rawa. Kai ka fi ni sanin wannan, fushi ne ya rufe maka ido.

Zancen mita kuma, tunda ka tono. Ka san sau nawa na roƙi Kawu ya bar ni in riƙe ƙarfen dalma muna yara? Cewa yake in koma cikin gida, ba aikin mata ba ne. Ta tagar shago na koya, ina leƙen hannunka. Kai aka zaunar a gefe shekara goma sha tara, ni aka sallama da mita a tsumma. Da za a yi musaya da na karɓa da gudu.

Ka haɗa wayar nan yau. Ka ce kai ka gano, ni ba zan taɓa buɗe baki ba. In ma ba za ka haɗa ba, ka cire sarbon gaba ɗaya ka juya da hannu, ko ka kai wa kajin Tasalla tun da sauran lokaci.

Ƙanwarka,
Zulaikha.

Gwiwa,
20 ga Yuli, 2025.

Malama,

Salam. Kowa lafiya.

Kwana shida ba amsa. Daudu bai shigo ba wannan makon, amma mai son aika takarda ba ya rasa hanya, ga shi ni na ba wani mai babur da ke cin kasuwarku. Na ga kiranki da saƙonninki a waya, ban buɗe ba. Abin da aka fara a takarda a ƙarasa shi a takarda, yadda jama'a za su ji daɗin saurare. Amma na gane, kin faɗi taki an yi dariya, me ya rage?

Na ji kin kira Baba. Tun ranar yake gaya wa mutane Injiniya tana kula da firjin daga Babura. Firjin da na ɗauko a kan babur ɗina, na kankare tsatsarsa da hannuna.

Don ki sani, na kusa shawo kan abin ta hanyata. Na sa kwandansa uku, na sauya wayoyi masu kauri, na sake rubuta umarnin. Rawar ta ragu. Na haska ƙwan da tocila, da yawa akwai jijiya a ciki. Hajja tana aikowa kullum a tambaye ni, ina ce mata saura kwana goma ta ji kuka.

Ba sai kin wahalar da kanki ba.

Halliru.

Gwiwa,
3 ga Agusta, 2025.

Zuwa ga 'yar'uwata Zulaikha,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kun gama jarrabawa lafiya, ki gaida maigida da yara. Baba lafiya. Hajja ma jikin da sauƙi. Wannan takardar na liƙe ta, na kuma roƙi Daudu ya sa ta a hannunki.

Takardarki ta sha shida ga wata sai ranar ashirin da biyu ta iso. Motar Daudu ce ta kwanta a garejin Kazaure, takardar tana cikin aljihun mota. Na so in ɗora laifin a kan wannan jinkirin, har na fara rubuta miki haka na yaga. Ƙarya ne, kuma na gaji da ita.

Ga gaskiyar. Washegarin ranar da na aiko miki takardar zagi, da hantsi, ba kowa a shago sai Baba yana gyangyaɗi. Na ce bari in gwada don in kama ki da hujja. Na ɗauki guntuwar waya na taɓa baƙa da baƙa, ina jiran tartsatsi. Ba abin da ya ƙone. Rawar ta tsaya cak, farantin ya karkata a hankali, sumul, yadda na yi ta mafarkinsa. Zulaikha, na ji daɗi ƙwarai. Sai Baba ya ɗago kai, kin san kunnensa, ya ce, "Yauwa, ka ji sautin lafiya. Ka bi maganar Injiniya ke nan?"

Na ce a'a, wani abu nake gwadawa. Na zare wayar na jefa a aljihu.

Kwana bakwai wayar nan tana aljihuna. Na san maganin, ina ta neman wani wanda ba naki ba. Duk abin da na rubuta miki na kwandansa da sauya umarni, ba abin da ya rage, faɗa kawai na yi. Juyi da hannu kuma sai in shago ya watse nake yi a ɓoye, saboda bakin da na cika, wata rana sau ɗaya, ranar kasuwa ko ɗaya. Sai da na karanta zancenki na tsinken mita da leƙen taga, kunya ta kama ni, na liƙe wayar da dalma. Tun daga ranar injin bai sake kuskure ba ko sau ɗaya, amma an riga an kwana goma sha tara.

Ranar Laraba suka fara fasawa. Huɗu suka fito, farare tas. Na ƙara kwana uku ina jira, shiru. Jiya na fasa sauran a bayan shago. Shida dama ba ɗa a ciki. Ashirin da bakwai kuwa ga su nan, wasu har da gashi da baki, duk sun manne a gefe ɗaya. Na haƙa rami na binne su.

Baba na fara gaya wa, a gaban benci, tunda a nan na cika bakin. Na ce maganarki daidai ce tun ranar farko, ni na ƙi. Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi min sauƙi. Baba ya lalubi sandarsa ya tafi masallaci tun ba a kira salla ba.

Daga nan na sa 'yan zabin a kwali na kai wa Hajja. Na durƙusa na faɗa mata komai, har zancen wayar aljihu, ban rage ba. Ta ɗauke su ɗaya bayan ɗaya tana dubawa, ta ce ba a gane mace da namiji yanzu, sai sun fara kuka, Allah ya sa a samu ko da mace ɗaya. Ba ta yi min faɗa ba. Ta aika a gaya wa Tasalla cewa baɗi, in Allah ya kai mu kuma sun yi ƙwai, tana son aron kaza.

Na ce, "Hajja, ai injin ya gyaru yanzu, ba zai sake ba."

Ta ce, "Na sani, Halliru. Ba injin nake tsoro ba."

Ki yafe min. In kin samu hutu ki zo ki gan su.

Ɗan'uwanki,
Halliru.